Botswana: Ƙasar Da Masu Shanu Suka Rubuta Wa Doka

Mai karatu, ko kana bayan garke ne ko kana jiran a ɗaga maka shinge a bakin iyaka, ka san ba ruwan sama kaɗai ke yanke wa saniya farashi ba. Akwai mai karɓar haraji, akwai mai buga takarda, akwai kuma wanda ya zauna a wani ofis mai nisa ya ce a rufe hanya. A shirinmu na wannan mako mun leƙa kudancin Afirka, wata ƙasa da masana suka daɗe suna tono tarihinta a kan wannan batu.

Ranar 30 ga Satumba 1966 Botswana ta karɓi 'yanci daga Ingila. Abin da Turawa suka bar mata bai taka kara ya karya ba: kwalta kilomita 12 a duk faɗin ƙasar, masu digiri 22, waɗanda suka gama sakandare kamar 100. Hedikwatar mulkin ma a Mafeking take, cikin Afirka ta Kudu, sai a 1965 aka dawo da ita Gaborone. Yawancin ƙasar rairayin Kalahari ne, ga fari da ya yi wa garkuna mummunar ɓarna a shekarun. Dukiyarta ɗaya ita ce shanu. Amma daga 1965 zuwa 1998 abin da ɗan ƙasar ke samu ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 7.7 cikin 100 duk shekara, saurin da ba wata ƙasa a duniya da ta yi irinsa a wancan lokaci.

Wasu malaman jami'a uku a Amurka, Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024, sun yi rubutu musamman a kan Botswana a 2003. Amsar da kowa ke saurin bayarwa ita ce lu'ulu'u. To amma ai Saliyo ma tana da shi, Kwango da Angola ma haka, su kuwa yaƙi ya jawo musu. Don haka malaman suka koma baya, tun kafin a haƙo dutse ko ɗaya.

Kabilun Tswana suna da wani taro da suke kira kgotla, fili ne a ƙofar fada inda magidanta ke zama su tattauna haraji da shari'a da rabon makiyaya, kuma talaka na iya miƙewa ya ce wa sarki bai yi daidai ba. Mulkin mallaka bai rushe wannan ba, saboda Ingila ba ta ga abin kwasa a can ba balle ta shiga da ƙarfi. Wanda ya so haɗiye ƙasar shi ne Cecil Rhodes da kamfaninsa. A 1895 sarakuna uku, Khama na Uku da Sebele da Bathoen, suka hau jirgin ruwa har Ingila, suka yi ta zagaya garuruwa suna yi wa jama'a bayani, suka gana da ministan ƙasashen mallaka Joseph Chamberlain. Sun ba da wani zirin ƙasa don layin dogo, sauran ya tsira daga hannun kamfanin.

Ga inda abin ya shafi makiyayi. Seretse Khama, shugaban ƙasa na farko, jikan Khama na Uku ne kuma mai shanu ne. Mataimakinsa Quett Masire manomi ne. Mafi yawan 'yan majalisar farko masu garke ne. Saboda haka da aka kafa hukumar nama ta ƙasa, wadda ke riƙe da babbar mayankar Lobatse kuma a lokacin ita kaɗai ke fitar da nama waje, sai aka tsara ta yadda rarar da ta samu za ta koma hannun waɗanda suka kawo shanun. Aka zuba kuɗi a allurar rigakafi da shingayen da ke tare ciwon baki da ƙofato, aka samo wa naman ƙasar ƙofa a kasuwar Turai ta yarjejeniyar Lome ta 1975. Kuɗin ƙasar, pula, da ya fito a 1976, ba a ɗora masa darajar ƙarya ba, don yin haka zai karya mai sayar da kaya waje. Kada ka ɗauka waliyyai ne. Duk dokar da za ta cuci mai saniya, su za ta fara cuta.

Mu nan mun ga kishiyar haka a kan gyaɗa. Wani masani, Robert Bates, ya fitar da littafi a 1981 yana nuna yadda hukumomin sayen amfanin gona a Afirka suka zama hanyar tatsar manomi: hukuma ta saya da arha, ta sayar waje da tsada, bambancin ya tafi birni. A Najeriya an kafa hukumar gyaɗa a 1949, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Arewa, a Nijar kuma aka kafa SONARA a 1962. Ba a ce ba a yi aiki da kuɗin ba, an yi makarantu da hanyoyi. Sai dai manomin da ya tara dalar gyaɗar Kano ba ya cikin ɗakin da ake yanke farashi. Ƙuri'ar da ta rage masa ita ce jakinsa: idan sikelin wancan ɓangare ya fi biya, buhu ya bi dare ya tsallaka. Dattawan Maraɗi da Jibiya da Magarya da Daura ba sa buƙatar littafi ya gaya musu wannan. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur duk sun taimaka wajen rushe dalar, amma lokacin da Najeriya ta soke hukumomin a 1986, harkar ta riga ta durƙushe.

Mu koma Botswana, ga lu'ulu'un. An gano na Orapa a 1967, kuma a ƙasar Ngwato yake, wato ƙabilar Seretse Khama kansa. Da an bi tsohuwar al'ada, arzikin na gidansu ne. A shekarar aka yi dokar da ta mayar da duk ma'adinan ƙarƙashin ƙasa mallakar ƙasa baki ɗaya, sarakuna suka sakar wa gwamnati. A ganina wannan ne mataki mafi nauyi a duk labarin, don ba kasafai ake samun mai mulki ya cire nama daga bakin danginsa ba. Gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanin De Beers da kashi 15 cikin 100, zuwa 1975 ta kai rabonta rabi, kuɗin kuma ya bi ta kasafi da tsare-tsaren raya ƙasa da majalisa ke amincewa da su.

Akwai masu ja da malaman nan uku, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Lu'ulu'un Botswana a can cikin dutse yake, sai da manyan injuna, ba kamar na Saliyo da mutum zai tace a bakin rafi da kwano ya sayi bindiga ba. Tsare shi ya fi sauƙi. Jama'ar ma ba su kai miliyan ɗaya ba a lokacin 'yanci.

Sannan wanda ba ya cikin ɗakin a can ma ya sha kashi. A wancan zamanin taron kgotla na maza magidanta ne. Mata da matasa ba su da ta cewa sosai, mutanen San kuwa, mafarautan Kalahari da da yawansu ke yi wa masu garke kiwo, ba a lissafa su ma. A 1975 aka fito da tsarin yanka makiyaya gida-gida ana bai wa mutum haya, fili mai kilomita 8 tsawo 8 faɗi. Wa ya samu? Wanda ke da kuɗin haƙa rijiyar burtsatse. Mai shanu biyar ya rage a makiyayar gayya da ke ta ƙuntata, mai dubu kuma yana da nasa killataccen fili, yana kuma iya sako garkensa cikin na gayyar. Duk wanda ya ga an nome burtali ko an kewaye mashaya ya san zafin wannan. Har yau Botswana tana cikin ƙasashen da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi a duniya. A 1997 da 2002 gwamnati ta kwashe mutanen San daga gandun dajin tsakiyar Kalahari. Suka kai ƙara, a 2006 babbar kotun ƙasar ta ce korar ta saɓa wa doka.

Hukumar naman ma daga baya ta faɗa cikin asara, makiyaya suka yi ta kukan cewa ikon da aka ba ta ita kaɗai ya zama ƙangi. Kasuwar lu'ulu'u ta yi sanyi tun da na roba da ake ƙerawa a masana'anta ya yawaita, matasa ba aikin yi. A ƙarshen Oktoba 2024, makonni biyu da 'yan kwanaki bayan an sanar da kyautar Nobel ɗin, jam'iyyar da Seretse Khama ya kafa ta faɗi zaɓe bayan shekara 58 a kan mulki. Shugaba Mokgweetsi Masisi ya amsa kayi tun ba a gama ƙidaya ba, ya miƙa wa Duma Boko, lauyan da yana cikin waɗanda suka tsaya wa mutanen San a waccan shari'a.