Sumeriyawa da 'Yan Makarantar da Suka Ceci Adabinsu

A kudancin ƙasar Iraƙi ta yau, tsakanin kogin Dijla da kogin Furatu, an yi wata al'umma da ake kira Sumeriyawa. Su ne suka gina birane irin su Uruk da Ur da Eridu da Nippur, kuma a Uruk ne aka samo ɗaya daga cikin rubuce-rubucen da suka fi daɗewa a duniya, na wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan maƙala za ta ɗan taɓo addininsu da tatsuniyoyinsu, sannan ta duba hanyar da suka bi suka iso gare mu, domin a nan ne darasin marubuci yake.

Ƙasarsu ba ta da wadatar dutse ko katako, amma tana da laka da kara. Saboda haka sai su mulmula yumɓu ya zama ɗan allo kamar tafin hannu, su fiƙe kara su riƙa danna shi a jikin yumɓun tun yana ɗanye. Da farko lissafi kawai suke rubutawa, wato yawan tumaki da sha'ir da rabon abincin ma'aikata. Sai da aka yi shekaru ɗaruruwa, wajen 2600, sannan aka soma rubuta waƙoƙi da kalaman hikima. Ƙirgensu na sittin-sittin kuwa shi ne tushen minti 60 da ke cikin awa ɗaya a agogonmu.

Ta fuskar addini, Sumeriyawa suna da alloli masu yawa, kowane birni da nasa. An shi ne na sama, Enlil na Nippur shi ne mai zartar da hukunci, Enki na Eridu shi ne na ruwan daɗi da dabara, Nanna na Ur shi ne na wata, Inanna ta Uruk kuwa ta haɗa soyayya da yaƙi. Sukan gina musu ɗakin bauta a kan wani tudun tubali mai hawa-hawa da ake kira zigurat. Wanda Sarki Ur-Nammu ya gina a Ur wajen 2100 yana nan tsaye har yanzu. A imaninsu, an ƙagi mutum daga yumɓu ne don ya ɗauke wa alloli wahalar aiki, in ya mutu kuma ya tafi wani gida mai duhu da ƙura a ƙarƙashin ƙasa.

Daga cikin tatsuniyoyinsu akwai ta saukar Inanna zuwa wannan gida na matattu, inda 'yar'uwarta Ereshkigal ke sarauta. Ƙofa bakwai ta wuce, a kowace ana tuɓe mata wani abu na ado ko na sarauta, har ta isa ba ta da komai, aka kashe ta aka rataye gawar. Enki ya yi dabara aka raya ta, amma da sharaɗin ta ba da wani a madadinta. Da ta dawo sai ta tarar da bayinta suna makoki, mijinta Dumuzi kuwa yana zaune kan gadon sarauta cikin kwalliya. Nan take ta nuna shi. A ƙarshe aka raba zaman, shi wata shida, 'yar'uwarsa Geshtinanna wata shida. Sunan wannan Dumuzi ne ya koma Tammuz, wanda har gobe Larabawan Iraƙi da Sham ke kiran watan Yuli da shi.

Har ila yau suna da labarin Ziusudra, wanda aka gargaɗe shi ya sassaƙa babban jirgi, ya tsira daga ambaliyar kwana bakwai, da kuma waƙoƙi biyar a kan Gilgamesh, sarkin Uruk. Akwai kuma Enheduanna, 'yar Sarki Sargon na Akkad, shugabar ɗakin bautar Nanna a Ur wajen 2300. Ita ce marubuciya ta farko da tarihi ya riƙe sunanta, ko da yake masana na jayayya a kan ko ita ce da kanta ta tsara waƙoƙin da ake jingina mata.

To, mai karatu zai so ya ji yadda duk wannan ya tsira. A wajen shekara 2004 Elamawa suka ci birnin Ur da yaƙi, a zamanin kuma harshen Sumeriyanci ya riga ya soma ja da baya, Akkadanci na maye gurbinsa a bakin jama'a. Amma makarantun horar da magatakarda, waɗanda ake kira eduba, wato gidan allo, ba su saki tsohon harshen ba. Yaro zai fara da alamomi, ya wuce zuwa jerin kalmomi da karin magana, daga nan ya shiga kwafar waƙoƙi da labarai. Kaso mafi tsoka na adabin Sumeriyawa da ke hannun masana a yau daga irin wannan aikin aji ya fito. Alal misali, a tonon da aka yi a Nippur a 1951 zuwa 1952, an samu alluna sama da 1,400 a wani ɗan ƙaramin gida guda na wajen shekara 1740, galibinsu na ɗalibai ne, an ma yi cikon bango da daɓe da su bayan an gama amfani da su.

A matsayina na malamin makaranta, ba abin da ya fi ba ni dariya da tausayi kamar wani labari da yaran suka riƙa kwafa, wanda Samuel Noah Kramer ya fassara a 1949. Ɗalibi ne ya sha bulala saboda surutu da mummunan rubutu, sai ya roƙi mahaifinsa ya gayyato malam gida. Aka karrama malam da abinci da sabuwar riga da zobe, nan da nan ya koma yabon yaron yana sa masa albarka.

Daga baya rubutun kansa ya ɓace, aka manta da sunan Sumer na kusan shekara 2,000, har sai a 1869 da Bafaranshe Jules Oppert ya gano cewa wannan tsohon harshe na Sumeriyawa ne. Allunan ba su tsira cikakku ba. Na labarin Ziusudra, wanda Arno Poebel ya buga a 1914, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya rage. Amma da yake yara da yawa sun kwafi labari ɗaya, sai masana su haɗa guntun wannan da na wancan su cike gurbi.

Darasin da ke nan ga marubuci shi ne, abin da aka karanta aka kwafa aka koyar shi ke wanzuwa. Littafin da aka buga kwafi kaɗan aka jibge a ɗaki yana cikin haɗari, komai daɗin labarinsa. Ya kamata duk wanda ya wallafa littafi a cikinmu ya kai kwafi ɗakin karatu, ya kuma kai makarantar da ke kusa da shi, ya sa shi a hannun ɗalibai.