Tarihin da ke cikin farashin katin hoto a Sakkwato

Duk wanda ya shiga neman katin hoto domin ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi a birnin Sakkwato zai tarar da farashi iri biyu masu nisa da juna. Sabon kati a kwalinsa yakan kai albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci, shi kuwa na gwanjo irin RX 580 ana samunsa da araha mai sa mutum ya yi shakka. Abubuwan da suka haifar da wannan tazara sun faru ne a Amurka da Sin da Abuja, kuma saninsu yana taimaka wa mai ƙaramin kuɗi ya zaɓi abin da ba zai yi da-na-sani a kansa ba.

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta mai zana abin da ake gani a allo. A 1996 kamfanin 3dfx ya fitar da Voodoo, wanda ya kawo zane mai zurfi cikin wasannin kwamfutar gida. A 1999 Nvidia ya fitar da GeForce 256, ya kuma tallata shi da sunan GPU. A 2006 AMD ya sayi ATI, daga nan kasuwar ta zama ta kamfanoni biyu na tsawon shekaru. A wancan zamani abin da mutanen Sakkwato suka fi sani shi ne kafe na intanet da gidajen gem masu PlayStation, kuma masu sayen katin a duniya 'yan wasa ne da masu zane.

Sauyi ya zo ne da aka gano cewa katin yana iya yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda. A 2012 masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar AlexNet mai gane hotuna da katin GTX 580 guda biyu, abin da ya buɗe ƙofar ƙirƙirarriyar basira ta yau. A 2015 aka ƙaddamar da kuɗin intanet na Ethereum, wanda ake haƙarsa da katin hoto, wato abin da matasa ke kira mainin. Da farashinsa ya tashi a 2017, masu haƙa suka riƙa kwashe kati ɗari-ɗari. RX 580, wanda ya fito a Afrilun shekarar a kan dala 229, yana cikin waɗanda aka fi wawura.

An maimaita haka a 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta haɗu da ƙarancin sassan lantarki. RTX 3060 ya fito a Fabrairun 2021 a kan dala 329, amma an daɗe ba a samunsa a wannan farashi. Sai gwamnatin Sin ta haramta haƙar kuɗin intanet a 2021. Ranar 15 ga Satumba, 2022 kuma Ethereum ya sauya tsarinsa, ya daina buƙatar katin hoto gaba ɗaya. Katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka koma kasuwa. Daga wannan ambaliya ne yawancin arahar gwanjo ta samo asali, kayan da ke shigowa ta kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko ta Farm Centre a Kano, ko kai tsaye daga shagunan intanet na Sin.

Sabon kati kuwa naira ce ta nisanta shi. A farkon 2021 dala tana kusan naira 400 a farashin hukuma, wato dala 329 ta kama kimanin naira 130,000. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin ya koma kusan naira 490,000 kafin a sa na dako da ribar ɗan kasuwa. A daidai wannan lokaci Nvidia ya fi karkata ga manyan katunan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, inda riba ta fi yawa.

Wannan tarihi ya bar wa mai saye a Sakkwato tambayoyi uku. Ta farko ita ce inda katin ya fito. Haƙa ba lallai ta kashe kati ba, domin masu yi da yawa sukan rage masa wuta. Abin da ke gajiya shi ne fanka, da ma'ajiyar katin, da man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya. Akwai kuma rikicin suna: ainihin RX 580 yana da sassan lissafi 2,304, amma an yi wa kasuwar Sin wani mai suna RX 580 2048SP, wanda ƙarfinsa ya fi kusa da na RX 570. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna wannan adadi. Idan aka bar katin yana wasa mai nauyi na rabin awa a gaban mai shago, ɗigo-ɗigo a allo ko mutuwar kwamfuta za su bayyana idan akwai matsala.

Ta biyu ita ce wuta. RX 580 yana jan kimanin wat 185, RTX 3060 wat 170, GTX 1060 wat 120, shi kuwa GTX 1650 na 2019 wat 75 kawai, kuma yawancin nau'insa ba ya buƙatar ƙarin waya. Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit. A wannan farashi, bambancin wat 110 na awa huɗu kullum ya kai kusan naira 3,000 a wata. Ga mai dogaro da sola da inbata, bambancin yana bayyana ne a yawan awannin da batir zai ɗauka. Kati mai cin wuta yakan kuma tilasta sauya na'urar raba wuta ta cikin kwamfuta, kuɗin da ba a cika lissafawa da shi ba.

Ta uku ita ce yanayi. Zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kuma ƙurar hunturu tana toshe ƙarfen sanyaya. Katin da ya yi zafi yana rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone, sai mai shi ya biya kuɗin ƙarfin da ba ya samu.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa arahar tana da dalili sananne, kuma ana iya gwada ta. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko mai tace bidiyon biki da ke da wadatacciyar wuta zai iya cin moriyar RX 580 mai gigabait 8 idan ya gwada shi, ya kuma sauya masa mai. Wanda ke kan inbata a ɗaki marar na'urar sanyaya iska zai fi samun kwanciyar hankali da kati mai wat 75, ko da ya rage kyawun hoto a wasu wasannin.