Laberiya 2003: yadda aka riƙe gwamnatin riƙon ƙwarya har ta kai gaci

Duk lokacin da na ji ana batun sulhun Sudan da irin gwamnatin da za a kafa bayan yaƙi, sai Laberiya ta faɗo mini a rai. Da yawanmu mun manta cewa da hannun Najeriya a ciki dumu-dumu.

A 2003 'yan tawayen LURD sun yi wa Monrovia ƙawanya, MODEL kuma ta taso daga kudu maso gabas. ECOWAS ta tara ɓangarorin a Accra, ta naɗa Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani. Sojojinmu suka fara sauka Monrovia ranar 4 ga Agusta. Ranar 11 Charles Taylor ya ajiye mulki, Obasanjo ya ba shi mafaka a Kalaba. Ranar 18 aka sa hannu a yarjejeniya.

To ga inda dabarar take. Ba a bai wa ko ɗaya daga masu bindiga shugabanci ba. Wani ɗan kasuwa aka ɗauko, Gyude Bryant, aka rantsar da shi ranar 14 ga Oktoba. Aka gindaya masa sharaɗi biyu: wa'adinsa zai ƙare a Janairun 2006, kuma ba zai tsaya takara ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tura dakaru har 15,000, aka kwance ɗamarar mayaƙa fiye da 100,000.

Amma fa ba tsarkakakkiyar gwamnati ba ce. An raba wa 'yan tawaye ma'aikatu don su ajiye makami, wasu suka mayar da ofis gonar gado. Mu ma'aikatan gwamnati mun san abin da ke faruwa in mutum ya san kujerarsa ta shekara biyu ce kuma ba mai bincikensa. Da abin ya ishi masu ba da tallafi, a Satumban 2005 suka matsa aka karɓi shirin GEMAP: ƙwararru daga waje su riƙa sa hannu tare da 'yan ƙasa kafin kuɗi ya fita daga wurare irin su babban banki da hukumar tashar jiragen ruwa. Wasu suka ce mulkin mallaka ne ya dawo, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Duk da haka an yi zaɓe a kan lokaci, Ellen Johnson Sirleaf ta kayar da George Weah, ta karɓi mulki ranar 16 ga Janairun 2006.

A Sudan kuwa, a 2019 an bar Burhan da Hemeti a saman majalisar riƙon ƙwarya, kowa da rundunarsa. Juyin mulki a 2021, yaƙi a 2023.

Shi ya sa in na ga hoton jakadu ana musafaha, tambaya uku nake yi: wa ke riƙe da bindiga, wa ke riƙe da asusu, yaushe za su sauka?

Allah Ya kawo wa Sudan sauƙi.