Tarzomar Handsworth

Handsworth unguwa ce a arewa maso yammacin birnin Birmingham na ƙasar Ingila, inda zuriyar baƙin Karibiyan da Indiya da Pakistan suke da yawa. Fitina ta ɓarke a cikinta a Yulin 1981, watan da Moss Side ta Manchester ta kama wuta, sa'an nan ta sake tashi ranar 9 ga Satumba 1985, aka ƙone kantunan titin Lozells, wasu 'yan'uwa biyu suka halaka a gidan waya.

Daga cikin musabbaban fitinar akwai rashin aiki, da wata dokar 1824 wadda ta halatta wa ɗan sanda kama mutum bisa zato kawai, wadda aka ɗora nauyinta a kan samari baƙar fata har aka soke ta a 1981. Game da wannan doka, masu aƙidar taƙaita ikon hukuma suna kafa hujja da cewa gwamnatin da ta karɓi harajin uba tilas, ta biya ɗan sanda mai laluben aljihun ɗansa ba tare da shaida ba, ta ƙetare haddinta. Amma kuma ba su yi wa masu ƙone-ƙonen uzuri ba, domin dukiyar ɗan kasuwa a wurinsu hurumi ce.