Asalin Kalmar Laburare

Jama'a, kullum muna jin yaranmu na cewa za su laburare, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar inda kalmar ta fito. To, aronta muka yi daga Ingilishi, su kuma Turawan Ingila suka karɓo ta daga tsohon Faransanci a ƙarni na 14. In aka bi salsala har ƙarshe, a Latin za a tsaya, harshen Rumawa, wurin kalmar liber. Ma'anarta ta farko ita ce ɓawon ciki na itace, wanda mutanen da ke rubutu a kansa. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma nufin littafi, librarium kuma akwatin littattafai. Duk wanda ya riƙe allo ba zai yi mamakin a ce littafi ya sami suna daga itace ba.

'Yan'uwa masu fatauci zuwa Kwatano ko Nijar su lura. A Faransancin yau librairie kantin sayar da littattafai ne. Inda ake zama a yi karatu kuwa bibliothèque suke cewa, kuma daga Girkanci ta fito: biblion littafi, theke ma'aji. Ita biblion ana danganta ta da Biblos, tsohon garin bakin teku a Lebanon wanda yau ake kira Jubail, inda Girkawa ke sayen takardar da Misirawa ke yi da wata ciyawa ta bakin Nilu.

Larabawa kuma maktaba suke cewa, daga kataba, wato ya rubuta, kuma a wurinsu ta haɗa ɗakin karatu da kantin littattafai duka. Daga wannan tushe kitab ta fito, wadda bakin Bahaushe ya juya al-kitab ta zama littafi. Ashe littafi da maktaba 'yan gida ɗaya ne.

Kalmar ce baƙuwa, amma abin da take nufi mun daɗe da shi. An buɗe laburaren Legas a 1932, na ƙasa kuma a 1964. Tun kafin nan malamanmu na da nasu: warƙoƙi cikin tadarishi, tadarishi cikin gafaka, gafaka cikin adaka. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya shahara da tarin rubuce-rubucen hannu da ya adana. A nan Kudu ma, laburaren Jami'ar Ibadan ya fara tattara irin waɗannan littattafai na Larabci tun shekarun 1950.

Malaman da suka biyo fataken goro da na shanu zuwa nan da gafakarsu suka zo. Ina littattafan suke yau? Laimar Kudu ba ta raga wa takarda, gara ma haka. Wani lokaci kuma wajen rabon gado ake raba littafi guda, wannan ya ɗauki farko, wancan ƙarshe, kowa ya tashi da abin da ba ya karantuwa.

Saboda haka duk mai adakar kakansa a gida ya buɗe ta. A kakkaɓe ƙura, a ɗaga ta daga ƙasa, a nemi malami ya rubuta sunan kowane littafi da na mai shi, yara kuma su ɗauki hoton shafukan da waya. Wannan adaka ita ce librarium ɗinmu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, amin.