Hanyar ƙarfe a jikin dutse: wa ya ɗaura igiyar, kuma don wa?

Cikin bidiyoyin da yaranmu ke tura wa juna a salula akwai wani iri da ke sa babba ya dafe ƙirji. Mutum ne manne a jikin dutse miƙaƙƙe kamar bango, ƙarƙashinsa rami mai zurfi, yana taka ƴan ƙarafan da aka kafa cikin dutsen, da ƙugiya biyu ɗaure a ƙugunsa yana saƙala su a wata doguwar igiyar ƙarfe. Wani lokaci ma yarinya ce ƙarama da hular kwano, uwarta na biye da ita tana dariya. Sunan abin da Italiyanci via ferrata, wato hanyar ƙarfe, kuma haka Faransawa ma ke kiransa. In ka tambayi masu yi wa baƙi jagora a duwatsun Dolomit na arewacin Italiya, da yawa za su ce maka sojoji ne suka ƙirƙiro shi a yaƙin duniya na farko. Akwai gaskiya a maganar, amma rabi ce. Ƙarfe ya riga yaƙin shiga dutse da shekara 70, kuma galibin igiyoyin da ake riƙewa a yau an ɗaura su ne bayan sojojin sun yi furfura.

Masu son nisa da labari sukan fara daga 1492, shekarar da Kolombus ya tsallaka teku. A shekarar ne sarkin Faransa Charles na 8 ya umarci wani hafsansa, Antoine de Ville, ya hau Mont Aiguille, dutse mai mita 2,087 a kudancin Grenoble, wanda kowa ya sallama cewa ba ya hawuwa. Tsayinsa ya ɗan ɗara namu Bagzan na Ayar, amma ta kowane gefe a tsaye yake. De Ville ƙwararre ne wajen haura ganuwar birni, sai ya yi wa dutsen abin da ya saba yi wa ganuwa, da tsani da igiya. Ya kai sama, ya tarar da fili mai ciyawa, ya kwana a can kwanaki. Wakilin da hukuma ta aiko daga Grenoble don ya shaida da ido ya zo gindin dutsen, ya kalli tsanin, ya ce shi kam daga nan ƙasa zai shaida. Ban ga laifinsa ba. Sai dai tsanin De Ville na hawa ɗaya ne, kuma an yi fiye da shekara 300 kafin wani ya sake taka kan dutsen.

Hanyar da aka kafa don ta zauna, ta amfani na baya, malami ne ya fara ta. Friedrich Simony mai nazarin ƙasa da ƙanƙara ne a Ostiriya, daga baya ya zama farfesan labarin ƙasa na farko a jami'ar Viyana. A 1843 ya sa aka kafa turakun ƙarfe da zobba, aka sassaƙa matakai, aka ɗaura igiya a hanyar hawa Dachstein mai mita 2,995. Ba jarumta yake nema ba. So yake a riƙa kai kayan awo sama ana dawowa lafiya, kuma wanda ba gwani ba ya iya ganin abin da shi ya gani. Shekaru kaɗan bayan haka ƙungiyoyin masu hawa dutse suka fara kafuwa: ta Ostiriya a 1862, ta Italiya a 1863, ta Jamus a 1869. Mambobinsu lauyoyi ne, da likitoci, da ƴan kasuwa, da malaman makaranta na birane, masu hutu da ɗan abin hannu. Reshen kowane birni ya zaɓi wani yanki na dutse ya gina masauki, ya gyara hanya, ya sa mata sunansa. Haka aka samu hanyar Heilbronn a 1899, da ta gefen yamma na Marmolada, dutse mafi tsawo a Dolomit (mita 3,343), wadda reshen Nuremberg ya yi a 1903, da ta Pössneck a 1912.

A nan siyasa ta shigo. A wancan lokaci mafi yawan Dolomit ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari take, kuma a cikinta akwai masu magana da Jamusanci, akwai masu Italiyanci na yankin Trento da ke fatan haɗewa da Italiya. Gina masauki ya zama kamar kafa tuta. A duwatsun Brenta har gobe akwai gidaje biyu dab da juna, ɗaya ƙungiyar mutanen Trento ta gina, ɗayan reshen Barlin, duk a farkon ƙarni na 20, don babu wanda ya yarda ya bar wa ɗan uwansa wurin.

Ran 23 ga Mayu 1915 Italiya ta shelanta yaƙi kan Ostiriya. Darasinmu na tarihi, da yake ta Faransa ya biyo, yakan tsaya ne a Verdun da ramukan laka. Malami zai yi wa ɗalibansa alheri in ya nuna musu cewa akwai wani fagen a tsaye, inda layin daga ya bi kan duwatsu masu mita 3,000. Ƙwararrun sojojin Ostiriya suna can gabas suna fama da Rasha, don haka waɗanda suka fara tare hanya dattawa ne da samari na ƙauyukan Tirol. Cikinsu akwai Sepp Innerkofler, shahararren mai jagora ɗan kusan shekara 50, wanda ya kwashe rayuwarsa yana kai baƙi kan waɗannan duwatsu. Ran 4 ga Yuli 1915 ya mutu yana ƙoƙarin ƙwace kan dutsen Paterno. Sojojin Italiya ne suka ɗauko gawarsa daga inda ta maƙale suka rufe ta a kan dutsen, domin sun san ko wane ne.

Dokar wannan yaƙi ɗaya ce: wanda ke sama shi ke ganin na ƙasa. Don haka kowane tsiri na dutse ya zama abin riƙewa, kuma wanda ke riƙe da shi sai an kai masa burodi, da itacen wuta, da ruwa, da harsashi, kullum, galibi cikin dare, rani da hunturu. Masu ɗaukar kayan manoma ne da leburori da aka sa wa kaki, wasu ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Domin su aka jera tsani, aka ɗaura igiyoyi, aka sassaƙe hanyoyi a jikin bango. Wanda ya taɓa ganin masu haƙar rijiya zai gane abin: gwani na iya sauka da dabararsa, amma in za a yi ta hawa da sauka da kaya, sai an yi wa kowa abin riƙewa.

A dutsen Lagazuoi sojojin Italiya sun kama wani siririn dandali a tsakiyar bango cikin Oktoba 1915, abokan gaba na bisa kansu. An yi ta jefo musu duwatsu da nakiya, ba su tashi ba. Sai ɓangarorin biyu suka koma haƙa. Ƴan Ostiriya sun tashi nakiya sau huɗu don su zubo da dandalin, ƴan Italiya kuma suka fafe rami mai fiye da kilomita guda a cikin dutsen, ran 20 ga Yuni 1917 suka tashi sama da tan 30 na nakiya. Waɗanda aka yi domin su sun daɗe da jin ƙarar haƙar, sun janye tun kafin lokacin. Dutse ya canza kama, layin daga bai gusa ba. A Marmolada kuwa wani injiniyan Ostiriya, Leo Handl, ya sa aka fafe ramuka kimanin kilomita 12 a cikin ƙanƙarar da ke lulluɓe da dutsen, da ɗakunan kwana da na ajiya, don a ɓuya wa igwa. Amma igwa ba ita kaɗai ke kisa ba. Ran 13 ga Disamba 1916, a watan da mayaƙan Kawsan suka kewaye barikin Faransawa a Agadas, dusar ƙanƙara ta zaftaro kan wani sansanin Ostiriya a gindin Marmolada ta binne sojoji fiye da 200 a lokaci guda. Farkon Nuwamba 1917, bayan an karya Italiya a Caporetto, sojojinta suka sauka daga Dolomit cikin gaggawa, suka bar duk wuraren da aka yi shekara biyu da rabi ana mutuwa a kansu. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta miƙa wa Italiya yankin baki ɗaya.

Tsanin sojoji galibi na itace ne, igiyoyinsu da yawa na rama, kuma hunturu kaɗan ya ishe su ruɓewa. Abin da yaƙin ya bari na dindindin shi ne hanyoyin da aka sassaƙa, da ramukan, da sanin cewa mutum marar gwaninta na iya ratsa bangon da a da sai ƙwararre. Kan wannan aka gina abin da ya biyo baya. A 1936 ƙungiyar Trento ta fara hanyar Bocchette a Brenta, aikin da ya ɗauki shekaru da dama. Ta kuma kafa wa kanta wani sharaɗi da nake ganin hikima a cikinsa: hanyar za ta ratsa daga mashigi zuwa mashigi, amma ba za ta kai kan ko wane tsauni ba, kan tsauni na wanda ya koyi hawa ne. Bayan yaƙi na biyu, da ƴan yawon buɗe ido suka yawaita a shekarun 1960 da 1970, aka bi tsoffin hanyoyin soja ana sa musu igiyar ƙarfe sabuwa. Ramin Lagazuoi ma an share shi, yau iyali na bi ta cikinsa da tocila.

Faransa ta shigo a makare, kuma ita ta sauya ma'anar abin. Ta farko irin ta zamani an yi ta ne a Freissinières a 1988. Ƙauyukan da ke ci da wasan zamiya kan ƙanƙara suna neman abin da zai kawo baƙi lokacin zafi, sai magadan gari suka fara sa kuɗi ana kafa hanyoyi kusa da inda ake ajiye mota, da gadojin igiya masu lilo, da wuraren da dutse ya rusuno kan mutum. Ta Simony hanya ce ta zuwa wani wuri, ta soja ma haka. Wannan kuwa ba ta zuwa ko'ina, tsoron shi ne hajar. Suwizalan ta bi sahu a 1993, Ingila a 2007 a wata mahaƙar dutse ta Honister, sannan Malesiya a dutsen Kinabalu. A Afirka ma an sa igiya a hanyar Point Lenana ta dutsen Kenya.

Ga inda zancen ya shafi uwaye da malamai, musamman waɗanda ƴaƴansu ke karatu a Turai inda ake kai ɗalibai irin wannan fita. Ido na ganin igiyar ƙarfe mai kauri sai zuciya ta kwanta, alhali faɗuwa a hanyar ƙarfe ta fi ta mai hawa da doguwar igiya muni. Doguwar igiya tana miƙewa, tana shanye ƙarfin faɗuwa. A nan kuwa igiyar ƙarfen an ɗaure ta ne a turaku, tsakaninsu mita kaɗan. In ƙafa ta zame, ƙugiya za ta sulale har ta daki turken ƙasa, mutum ya faɗo mita 4 ko 5, abin da zai tsayar da shi kuma ɗan maɗauri ne mai kamar mita guda. In maɗaurin igiya ce zalla, ko ƙugiya ta karye, ko ƙashin baya. Shekaru da yawa haka mutane suka yi ta hawa da guntun igiya suna ganin a tsare suke. Daga baya aka ƙirƙiro abin rage ƙarfin faɗuwa, da farko wani ƙarfe mai hudoji da igiya ke gogawa a ciki, sannan wani ɗinkakken madauri a ƴar jaka, wanda ɗinkinsa ke farkewa sannu a hankali. In ya farke sau ɗaya, aikinsa ya ƙare.

Shi ma wannan bai rufe zancen ba. Cikin Agusta 2012, a Tirol, wani matashi ɗan shekara 17 ya faɗi da kayan da aka karɓo haya, maɗauran biyu duka suka tsinke, ya rasu. Da ƙungiyar masu hawa dutse ta Jamus ta gwada irin kayan, sai aka ga maɗauran masu roba a ciki suna cin kansu da yawan miƙewa da komawa, ido kuwa ba ya gani. Kamfanoni da dama suka janye kayansu daga kasuwa, a 2013 aka sake janye wasu. Binciken shekarun ya fito da wata matsalar kuma. Tsohuwar ƙa'idar Turai da nauyin kilo 80 take gwada kayan, wato nauyin babban namiji. Yaro marar nauyi in ya faɗi, jikinsa ba ya iya farke ɗinkin, sai ya tsaya cak kamar wanda aka ɗaure da sarƙa. A 2017 aka sabunta ƙa'idar, mai lamba EN 958, aka ce dole kayan su yi aiki daga kilo 40 zuwa kilo 120.

Sauran haɗurran tsoffi ne, tun na zamanin soja. Igiyar ƙarfe a kan tsauni tana jan tsawa, shi ya sa ake fita da sassafe a sauko kafin hadarin la'asar. Wanda ke sama na iya turo dutse kan na ƙasa, dalilin hular kwano ke nan. Sanyin hunturu na kwance turaku, don haka kowace shekara sai masu kula da hanya sun bi ta turke bayan turke kafin a buɗe. Tsakanin turke biyu kuma mutum ɗaya ake so, kuma ba a cire ƙugiya biyu a lokaci guda.

Yawancin yaran firamare ba su kai kilo 40 ba. Ga irin su, shawarar ƙungiyoyin masu hawa dutse na Jamus da Ostiriya ita ce a ƙara igiya ta daban, babba ya wuce gaba ya tsaya a sama yana riƙe da ita, yana janye ta yayin da yaron ke hawowa.