Tarihin Korona Daga Akurki Ya Fara



Da yawanmu sai a 2020 muka fara jin kalmar korona, alhali likitocin dabbobi sun yi kusan shekara 90 suna fama da danginta. A 1931 ne Schalk da Hawn suka bayyana wata cutar numfashi mai kashe 'yan tsaki a jihar Dakota ta Arewa, a Amurka. A 1937 aka yi nasarar rainon ƙwayar cutar a cikin ƙwan kaza. An gano 'yar uwarta a aladu a 1946, wata kuma a ɓeraye a 1949. Sai a 1968 aka raɗa wa dangin suna korona, wato kambi da harshen Latin, saboda ƙayoyin da suka kewaye ƙwayar, waɗanda June Almeida ta ɗauki hotonsu a Landan.

Dabbobi sun koyar da darasi mai ɗaci. A 1990 masu bincike a ƙasar Holan suka gwada rigakafin koronar kyanwa. Da aka sa wa 'yan kyanwar cutar, waɗanda aka yi wa allura sun riga sauran mutuwa, domin garkuwar da allurar ta samar ita ce ta sauƙaƙa wa cutar shiga. Shi ya sa masu haɗa rigakafin korona suke bincika wannan haɗari a jikin dabba.

Bayan ɓarkewar SARS a 2003 kuma, an lura ɓeran gwaji ba ya jigata da cutar kamar mutum. A 2007 masana a Jami'ar Iowa suka samar da ɓeraye masu ɗauke da ACE2 irin na ɗan Adam, ƙofar da cutar ke bi ta shiga jiki. Da SARS ta lafa, aka daskarar da maniyyinsu aka adana. A 2020 cibiyar Jackson Laboratory ta farfaɗo da irinsu, aka gwada rigakafi da magunguna a kansu, tare da birai.

Zancen bai yi mana nisa ba. Cutar MERS da ta ɓulla a Saudiyya a 2012 daga raƙuma take kama mutane, kuma an samu ƙwayarta a raƙuman mayankar Kano a 2015. Don haka idan likitan dabbobi ya zo duba akurki ko garke, lafiyar mai gidan ma yake tsarewa.

Sai mun ji ra'ayoyinku.